Yini Ɗaya a Reykjavik: Da'irar Zinariya ko Gaɓar Kudu, Kuma Motar Wa Za Ka Shiga?

Fasinjan jirgin ruwan yawon buɗe ido da ya wayi gari a tashar Reykjavik, babban birnin Aisland, tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma yawancin mutane da ta biyun suke farawa. Sukan fara da tambayar inda tikitin fita ya fi araha, a cikin jirgi ko a wajen kamfanonin gari. Wadda ya kamata ta riga ta ita ce: awa nawa nake da su a tudu, kuma ina za su iya kai ni su dawo da ni kafin a ɗage tsanin jirgi? Idan ka amsa wannan da alƙalami da takarda, rabin zaɓin ya ƙare.

Awannin da ke hannunka

Jadawalin jirgi zai ce, alal misali, isowa ƙarfe 8:00 na safe, tashi ƙarfe 6:00 na yamma. Mai karatu ya ga awa goma. Ba goma ba ne. Bayan an ɗaure jirgi sai hukumomin tasha sun ba da izinin sauka, sannan dubban mutane su bi layi ta ƙofa ɗaya ko biyu, kowa ana duba katinsa. Ka ba wannan minti 30 zuwa 45. A ɗaya ƙarshen kuma, lokacin da ake so kowa ya kasance a cikin jirgi yakan riga lokacin tashi da rabin awa, wato 5:30. Daga nan sai ka cire abin da za ka ajiye saboda tsautsayin hanya: faci, hazo, hatsarin da ya toshe titi, ko fasinja ɗaya da ya ɓace a shagon tsaraba. Ga tafiyar da ta wuce kilomita 100 daga tasha, ba ma ba da shawarar ƙasa da minti 90. Ke nan ƙarfe 4:00 ya kamata motarka ta tsaya a bakin jirgi. Daga 8:45 zuwa 4:00, awa bakwai da kwata ne kacal. Da wannan adadin za ka auna kowace hanya da kowane talla.

Ka kuma tabbatar da inda jirginka zai tsaya. Manyan jirage a Skarfabakki suke tsayawa, kimanin kilomita 4 daga tsakiyar gari, ƙanana kuma wani lokaci a Midbakki, cikin tsohuwar tasha, inda da ƙafa ma za ka shiga gari. Bambancin yana da muhimmanci domin yawancin motocin yawon yini na gari daga tashoshin bas na cikin birni suke ɗaukar mutane, da sassafe, a lokacin da wataƙila kai ba ka ma sauko ba.

Sai agogo. Aisland tana kan lokacin GMT duk shekara, ba ta matsar da agogo da bazara. Jirgin da ya taso daga Ingila ko Norwe zai sauya agogonsa a hanya, kuma wayar hannu takan ruɗe, ta kama lokacin wata ƙasa ko na na'urar sadarwar jirgi. Lokacin da aka rubuta a allon bakin ƙofar sauka shi ne abin bi. Ka ɗauki hotonsa, ka daidaita agogon hannunka da shi. Kada hasken rana ya yaudare ka: a watan Yuni rana takan yi kusan awa 21 a sama a Reykjavik, ƙarfe biyar na yamma sai ka rantse azahar ce.

Da'irar Zinariya

A kan tikiti za ka ga an rubuta Golden Circle. Zagaye ne na kimanin kilomita 230 zuwa 250, tuƙi zalla wajen awa uku da rabi, da manyan zango uku. Babbar fa'idarta ga mai jirgi a bayansa ita ce, wuri mafi nisa a cikinta, magangarar ruwan Gullfoss, bai kai awa biyu daga tasha ba, kuma hanyar komawa ba ɗaya ba ce. Idan wani abu ya tare titin da ya bi ta garin Selfoss, ana iya juyawa ta Thingvellir.

Zangon farko Thingvellir ne, kimanin minti 45 daga gari. A nan ƙasa take tsagewa, domin manyan faya-fayan ɓawon duniya biyu, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, suna janyewa daga juna da kusan santimita 2 a shekara. Bas takan sauke mutane a sama, wurin leƙe da ake kira Hakid, daga nan a gangara da ƙafa ta cikin tsagar Almannagja, baƙin dutse ya miƙe kamar katanga a gefenka, motar kuma ta zagaya ta jira a ƙasa. Tafiyar gangara ce mai sauƙi, hanyar a gyare take. Akwai kuskuren da ake yawan yi: mutane su buɗe hannu a cikin tsagar suna ɗaukar hoto, wai sun taɓa nahiyoyi biyu. Gaskiyar ita ce kwarin da ke tsakanin faya-fayan faɗinsa kilomita da dama ne, Almannagja bakinsa ne na yamma kawai. Jagora nagari zai tsayar da kai a sama ya nuna maka ɗaya bakin can nesa, bayan tafkin Thingvallavatn. A wannan wuri ne kuma majalisar ƙasar, Althingi, ta fara zama a shekarar 930, a nan aka ayyana jamhuriya ranar 17 ga Yuni 1944, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Wanda ya zo ba jagora, duwatsu da ruwa kawai zai gani. A nan ne kuɗin jagora yake biyan kansa fiye da ko'ina a hanyar. Minti 45 ya isa a gangara, amma sai da awa ɗaya cur za ka iya leƙa ƙaramar magangarar ruwan Oxararfoss.

Daga nan kimanin minti 50 ne zuwa Geysir, ta garin Laugarvatn. Tsohuwar maɓulɓular da wurin ya ci sunanta ta daɗe da yin shiru, ba kasafai take motsi ba. Wadda ake zuwa gani ita ce Strokkur, da ke feshin tafasasshen ruwa kowane minti 5 zuwa 10, yawanci tsayin mita 15 zuwa 20, wani lokaci ta ninka haka. Ka zuba ido a kan bakin ramin. Ruwan zai riƙa hawa da sauka kamar mai numfashi, sai ya ja da baya, sannan ya kumburo ya zama ƙoƙo shuɗi mai sheƙi na ƙiftawar ido, ya fashe. Wanda ya tsaya kallon allon wayarsa ba ya ganin wannan ƙoƙon. Ka bari feshin farko ya wuce da idonka, na biyu ka ɗauka. Kafin ka zaɓi wurin tsayawa, dubi inda tururi yake kaɗawa da inda ƙasa ta jiƙe, ka tsaya ta inda iska take fitowa. Ruwan ramukan nan zafinsa tsakanin digiri 80 da 100 ne, igiyar da aka kewaye su da ita ba ado ba ce, kuma yara su ne abin lura. Wurin shimfiɗe yake, 'yan mintuna daga inda ake ajiye mota, don haka tsoho da mai keken guragu duk za su samu rabonsu. A nan yawancin motoci suke tsayawa cin abincin rana, kuma a nan lokaci yake zubewa: idan bas biyar suka iso tare, layin abinci kaɗai zai ci minti 20.

Gullfoss minti goma ne gaba. Kogin Hvita yana faɗowa hawa biyu, na farko mita 11, na biyu mita 21, ya shige wani kwazazzabo mai zurfi har ka ga kamar ƙasa ce ta haɗiye shi. Da bazara kimanin mita kubik 140 na ruwa ne ke wucewa kowace daƙiƙa. Hanyoyin kallo biyu ne. Ta sama a bushe take, daga can ake ganin siffar wurin gaba ɗaya. Ta ƙasa tana kai ka har kan dutsen da ke gefen hawa na farko, inda raɓar ruwa za ta jiƙa ka sharkaf, ƙasa kuma tana da santsi, akan ma rufe ta idan akwai ƙanƙara. Tsakanin biyun akwai matakala. Mai ciwon gwiwa ya tambayi direba ko zai sauke shi a wurin fakin na ƙasa. Kusa da hanyar akwai dutsen tunawa da Sigridur Tomasdottir, 'yar manomin yankin da ta yi tsayin daka a farkon ƙarni na 20 don kada a mayar da wurin tashar lantarki. Minti 45 ake bukata a yi hanyoyin biyu ba gaggawa.

Idan ka haɗa: tuƙi awa uku da rabi, tsayawa kusan awa uku, jimla awa shida da rabi. Ya shiga cikin awa bakwai da kwata ɗin nan, har da ragowar da za a iya ba Kerid, bakin tsohon dutse mai aman wuta mai zurfin mita 55, jar ƙasa da tafki a gindinsa, wanda yake kan hanyar dawowa. Ana biyan kuɗin shiga Kerid, ka duba ko yana cikin tikitinka. Abin da bai kamata a cusa ba shi ne wanka a ruwan zafi ko cin abinci na zaune a gidan gona, sai in jirginka zai kai dare.

Aibin wannan hanya ɗaya ne, cunkoson jama'a. Ranar da manyan jirage biyu suka haɗu a tasha, za ka tarar da mutane sahu-sahu a gaban Strokkur.

Gaɓar Kudu

Idan kyawun gani kaɗai ake aunawa, a ra'ayinmu Gaɓar Kudu ta fi. Teku a damanka, duwatsu masu rawanin ƙanƙara a hagunka, ciki har da Eyjafjallajokull wanda tokarsa ta tsayar da jiragen saman Turai a watan Afrilun 2010. Seljalandsfoss, kimanin awa ɗaya da minti 45 daga gari, ruwa ne mai faɗowa daga tsayin mita 60, da 'yar hanya da ke zagayawa ta bayansa, ka tsaya cikin kogon dutse kana kallon fili ta cikin labulen ruwa. Hanyar taɓo ce da duwatsu masu santsi, kuma babu mai fitowa a bushe. Kimanin kilomita 30 gaba sai Skogafoss, shi ma mita 60, faɗinsa mita 25, ana takawa a kan tsakuwa har kusa da gindinsa. Akwai ɗaruruwan matakala zuwa samansa, amma hawa da sauka zai cinye duk lokacin da bas ta ba ka, kuma kallon ƙasa ya fi na sama. Ƙarshen hanyar ita ce Reynisfjara, kusa da garin Vik, bakin teku mai baƙin yashi da ginshiƙan dutse masu kusurwa kamar an sassaƙa.

Matsalar ita ce nisa. Reynisfjara tana kimanin kilomita 180 daga Reykjavik, awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi dawowa, a kan titi mai lamba 1. Awa biyar ke nan a zaune. Ƙara minti 40 zuwa 45 a kowane zango uku, da cin abinci, da tsayawar bayan gida, ka haura awa takwas, shi ya sa kamfanonin gari suke tallata ta a matsayin tafiyar awa goma. Ba ta shiga awa bakwai da kwata ko ta wane hali. Wanda ya ce maka zai shigar da ita, ko dai zai yanke Reynisfjara, ko ya ba ka minti 15 a kowane wuri, ko ya cinye lokacin da ka ajiye don tsautsayi. Na ukun ne ya fi haɗari, domin a can gabas hanyar ɗaya ce tilo, tsakanin dutse da teku. Hatsari ɗaya ko iska mai ƙarfi ya isa a rufe ta, kuma babu ta inda za a kewaya. Kusa da gari kuma akwai hawan Hellisheidi, inda hazo kan sauko ko da tsakiyar bazara ya rage gudun kowa.

Saboda haka hukuncinmu a nan a fili yake. Gaɓar Kudu ta wanda jirginsa zai kwana a Reykjavik ce, kuma jirage da yawa suna kwana. Ka yi ta a ranar farko, lokacin da makara ba ta da wani sakamako illa ka rasa abincin dare. Rana ta biyu, ranar tashi, ka ba Da'irar Zinariya ko cikin gari. Idan yini ɗaya ne amma jirgin ba zai tashi ba sai ƙarfe goma na dare, ita ma tana yiwuwa.

Dole a yi magana a kan Reynisfjara, domin mutane sun rasa rayukansu a wurin. Tekun yakan yi kamar ya lafa, igiyoyi su riƙa tsayawa nesa, sai guda ɗaya ta taso ta wuce sauran da nisa, ta share ƙafafun mutum ta ja shi. Gaɓar tana da zurfi nan take, ruwan kuma sanyinsa yana kashe jiki cikin mintuna. An kafa fitilun gargaɗi a mashigar wurin, kore da rawaya da ja. Kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kada ka taka yashin da yake a jiƙe, kuma idan jagora ya ja layi, kada ka tsallake.

Wanda awannin da suka rage masa bayan wancan lissafin ba su kai shida da rabi ba, duk hanyoyin biyu sun fi ƙarfinsa. Nasa shi ne yankin Reykjanes: tafkin Kleifarvatn da tafasasshen taɓon Seltun, ƙasa da awa ɗaya daga tasha, ko wanka a tafkin ruwan ɗumi na Blue Lagoon, wanda sai an kama gurbi tun da wuri. Sai dai tun 2021 duwatsun yankin suke aman wuta lokaci zuwa lokaci, an kwashe mutanen garin Grindavik a watan Nuwamban 2023, an kuma rufe Blue Lagoon sau da yawa ba shiri. Ka riƙe wata dabara a aljihu.

Motar jirgi, ƙaramar bas, ko shata

Tikitin da ka saya a cikin jirgi, abin da kake biya a gaskiya alkawari ne. Kamfanin jirgin ba shi da motoci a Aisland, kamfanonin gari yake ba kwangila ya ɗora ribarsa, don haka sau da yawa hanya ɗaya, wurare ɗaya, amma kuɗin ya fi. Abin da ƙarin yake saya maka uku ne. Idan motar ta makara, jirgin zai jira, in kuma ba zai iya jira ba, ɗawainiyar kai ka tasha ta gaba a wuyansu take. Idan iska ta hana jirgin shiga Reykjavik ko aka sauya ranar isowa, kuɗinka zai koma asusunka ba sai ka nema ba. Sannan masu tikitin jirgi ne ake fara saukewa, motarsu na jira a bakin tsani.

Farashin da ba a rubuta ba shi ne girman motar. Bas mai kujera 45 zuwa 50 tana ɗaukar wajen minti goma ta sauke mutane, wasu goma ta kwashe su, a kowane zango. Idan takarda ta ce minti 45 a Gullfoss, abin da za ka samu a gaban ruwan bai fi rabin awa ba. Kuma motocin jirgi a jere suke tashi, su isa ko'ina tare, wato cunkoson da kake gudu da shi ka taho. Duk da haka, ga wanda zai fara irin wannan tafiya, ko mai tafiya da tsofaffi da ƙananan yara, ko wanda zuciyarsa ba za ta kwanta ba muddin yana kallon agogo, wannan ne zaɓin da ya dace. Haka ma duk wanda ya nace sai ya ga Gaɓar Kudu a ranar tashi: in jirgi yana sayar da ita, a hannunsa kaɗai za ka saya.

Kamfanonin gari masu ƙananan bas, yawanci kujera 19 zuwa ƙasa, su ne suka fi ba da daɗin tafiya. Mutum goma sha biyar cikin minti uku sun shige mota. Direban, wanda galibi shi ne jagoran, yana iya juya zagayen ya fara da Gullfoss ya ƙare da Thingvellir, ya kauce wa ayarin manyan bas, kuma wannan juyin yana da wata fa'ida: zangon ƙarshe ya zama mafi kusa da jirgi, minti 45 kacal, maimakon kusan awa biyu. Kana iya yi masa tambaya ya ji ka. Amma jirgi bai san da kai ba. Idan kun makara, sunanka za a kira a lasifika sau biyu ko uku, sannan a kwance igiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ka biya ka samu amsar waɗannan a rubuce. Shin tafiyar an tsara ta ne don fasinjojin jirgi, ana ɗauka a Skarfabakki ana mayarwa can, ko ta kowa da kowa ce mai tashi daga cikin gari? Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya ga tikiti mai araha, bai lura cewa motar za ta tashi ƙarfe 8:00 daga tashar bas ba, kuma za ta dawo tana sauke mutane otal-otal. Ƙarfe nawa suke alkawarin dawowa, kuma me za su yi in sun saɓa? Wasu kamfanonin suna rubuta cewa za su kai ka tasha ta gaba da kuɗinsu, wasu kuma baki ne kawai. Idan jirgin ya makara da awa ɗaya za su jira? Idan bai shigo ba sam, za su mayar da kuɗi duka, ko dokar soke tafiya ta awa 24 za su kafa maka? A ƙarshe, fasinjojin jirgi nawa za a haɗa a motar? Idan an haɗa ku da mutanen wani jirgin da ba zai tashi ba sai dare, su ba sa sauri, kai kuma hankalinka na kan agogo. Kamfanin da ya nemi sunan jirginka da lokacin tashinsa tun kafin ka faɗa, alama ce ya san aikin.

Ɗaukar shatar mota da direba ya fi duka tsada, amma idan kun kai mutum biyar ko shida kuka raba, yakan matso kusa da kuɗin tikitin jirgi, kuma ku ne masu cewa a tsaya ko a tafi. Ga iyali mai mutumin da ba ya iya doguwar tafiyar ƙafa, babu kamarsa. Ku tabbatar direban jagora ne, ba mai tuƙi kawai ba, in ba haka ba Thingvellir zai tashi a banza.

Hayar mota ka tuƙa da kanka kuwa, a takarda ita ce mafi araha ga mutum uku ko huɗu, titunan Da'irar Zinariya duk kwalta ne masu kyau. Sai dai ka cire awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga lokacinka don karɓar mota, cike takardu, shan mai da mayarwa, kuma ka tabbatar ofishin a cikin gari yake, ba a filin jirgin saman Keflavik mai nisan kilomita 50 ba. A hannun dama ake tuƙi, iyakar gudu kilomita 90 a awa a kan kwalta, 80 a kan tsakuwa, 50 a cikin gari, fitilun gaba a kunne dare da rana. Sauka daga titi a bi fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi. Tumaki suna yawo sake da bazara, in ka ga ɗan rago a gefe guda uwarsa a ɗaya gefen, ka rage gudu, tsallakawa zai yi. Ka riƙe ƙofar mota da hannu biyu lokacin buɗewa, domin iskar ƙasar tana fizge ƙofa ta lanƙwasa ta, kuma inshorar haya sau da yawa ba ta biyan wannan. Ana biyan kuɗin fakin a Thingvellir da Seljalandsfoss. A ranar tashin jirgi, ba ma son wannan zaɓin ga baƙo. A ranar farko ta jirgin da zai kwana, babu laifi.

Abin da makara take ci

Nauyin haɗarin ya danganta da inda jirgin ya dosa. Idan tasha ta gaba Akureyri ce, a arewacin Aisland, kimanin kilomita 390 ne ta mota, ko minti 45 a jirgin sama daga ƙaramin filin jirgin cikin Reykjavik. Isafjordur ma, a arewa maso yammacin ƙasar, ana zuwa ta titi, wajen awa shida. Asara ce ta kuɗi da kwana ɗaya a otal, amma ana gyarawa. Idan kuwa daga Reykjavik jirgin zai shiga teku kwana biyu zuwa Girinland, Kanada, Sikotland ko Norwe, maganar ta sauya: tikitin jirgin sama na gaggawa, kwanaki a otal ba kaya, da batun biza. Aisland tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, Birtaniya da Kanada ba sa ciki, kuma shiga ƙasa ta filin jirgin sama yana iya bukatar takardar da shiga ta jirgin ruwa bai nema ba. Ka dubi tashar da ke biye kafin ka yanke shawarar motar da za ka shiga. Ranar da teku ne a gaba, ko dai ka bi motar jirgi, ko ka mayar da minti 90 ɗin nan awa biyu.

Kowace mota ka zaɓa, ka fita da fasfo ko aƙalla hotonsa, da katin jirgi, da maganin da kake sha na kwana biyu, da lambar wakilin jirgi a tasha wadda ake bugawa a takardar shirin yini. Shi za ka fara kira in ka ga za ka makara, tun kana hanya, domin kyaftin ya fi iya jiran wanda aka san yana nesa da minti goma a kan wanda ba a san inda yake ba. Lambar gaggawa a ƙasar 112 ce. Kuɗinsu krona ne, amma katin banki yana aiki kusan ko'ina, ba sai ka yi canji ba.

Tufafi kuma, zafin Yuli a can bai cika wuce digiri 10 zuwa 14 ba, kuma yanayi yakan sauya sau da yawa a yini. Ka sa riguna hawa uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya, ta waje ta zama rigar ruwa mai hula, da takalmi mai kama ƙasa. Lema ba ta da amfani, iska za ta juya ta tun a Thingvellir. Mai niyyar bin hanyar ƙasa ta Gullfoss ko zagaya bayan Seljalandsfoss ya ƙara wandon ruwa da safa busasshiya a jaka, domin daga can akwai zaman mota na kusan awa biyu kafin a ga jirgi.